Kwanan Sansani da Iyali: Al'adar da Za a Iya Gadar wa Jikoki

Idan kaka ta yi a ƙasar Ƙaraye da Rogo, gonakin da ke kewaye da Tudun Kaya ba sa kwana babu kowa. An yanke dawa, masara tana jibge, gyaɗa tana shanya, dole kuwa a sami mai gadi. Sai a kafa 'yar bukkar kara a gefen gona, a shimfiɗa tabarma, a hura wuta. Samarin gida su kwana nan suna gasa dankali a cikin toka, suna hira har barci ya kwashe su. Dattawa da yawa haka suka tashi, kuma in aka taɓo musu zancen, sai bakinsu ya buɗe.

Ba manoma kaɗai suka san kwanan waje ba. Fulani makiyaya suna tashi da iyalansu zuwa mashekari idan damina ta yi. Mafarauta suna yin kwanaki a dawa. Masunta da masu noman rani suna kwana a bakin ruwa don tsaron kayansu. Alhazai kuma sun san zaman tanti a Mina. Sai dai duk waɗannan, sana'a ce ko ibada take fitar da su. Abin da wannan rubutu yake bayani a kai shi ne fitar da iyali suke yi da gangan, maza da mata, yara da tsofaffi, su yada zango a wajen gari na kwana ɗaya ko biyu don hutawa da ƙarfafa zumunci, kuma su riƙa maimaitawa kowace shekara.

Inda abin ya samo asali

A Turai da Amurka, fita hutu a tanti ta bunƙasa ne bayan da mutane suka cunkushe a biranen masana'antu suka fara kewar daji. Wani tela ɗan Ingila, Thomas Hiram Holding, wanda ya ratsa filayen Amurka tare da iyayensa yana yaro a 1853, shi ne ya kafa ƙungiyar masu kwanan tanti a 1901, ya kuma wallafa littafin jagora kan harkar a 1908. A 1907 wani mai suna Baden-Powell ya kai yara 20 tsibirin Brownsea suka yi zaman sansani, daga nan ƙungiyar Sikawut ta samo tushe ta bazu a duniya, har ta iso makarantun Najeriya.

Su ma mutanen Ƙaraye sansani ba baƙon abu ba ne a wurinsu. A gefen madatsar ruwa ta Kusalla ne ake da sansanin dindindin na masu yi wa ƙasa hidima na Jihar Kano, shirin da aka kafa a 1973. Matasa daga kowane sashe na ƙasar suna zuwa nan su yi mako uku suna samun horo.

Zaɓen wuri

Kuskuren da yake kashe irin wannan shiri tun yana jariri shi ne hangen nesa. Da an ce yawon buɗe ido, sai hankali ya tafi Yankari ta Jihar Bauchi, wadda aka buɗe wa jama'a a 1962, mai giwaye da maɓuɓɓugar Wikki da ruwanta yake da ɗumi dare da rana. Wurin ya cancanci ziyara, amma kuɗin motar mutum ashirin daga Tudun Kaya zuwa can ba abin da gida zai iya ɗauka duk shekara ba ne. Abin da ba a iya maimaitawa kuwa ba ya zama al'ada.

Ƙasar Ƙaraye tana da nata wuraren. Madatsar ruwa ta Challawa, wadda aka kammala a 1992, tana da tsayin mita 42, kuma kimanin kilomita 90 ne tsakaninta da birnin Kano. Ruwanta ya shafe gonaki da fadamu, ya kuma kawo su da noman rani. Yaron da aka kai bakinta da sassafe zai ga masunta suna janyo koma, ya ga kwalekwale, ya ga tsuntsayen ruwa da bai saba gani a cikin gari ba. Kakansa kuma zai iya nuna masa da sanda inda hanya take bi kafin ruwa ya zo.

Duk da haka, wurin kwana mafi dacewa shi ne gonar gandu ko lambun wani ɗan'uwa da ke kusa da gari, inda akwai inuwar mangwaro ko ɗorawa, da rijiya, kuma waya tana kamawa. A kafa zangon a kan tudu, a guji kwari da gindin tsohuwar bishiya mai busassun rassa da kewayen suri. Bakin dam na ziyarar rana ne. Halin tsaron da ake ciki a arewa maso yamma bai bar damar kwana a daji mai nisa ba, musamman ga yankin da ya yi iyaka da jihohin Katsina da Kaduna kamar Rogo. Kafin a fita, maigida ya sanar da mai unguwa ko dagaci, a nemi shawarar 'yan sintiri. In suka ce a dakata, a dakata, a yi zaman a filin ƙofar gida. Yara ba za su raina ba.

Tsayar da lokaci

Damina ba lokacin fita ba ne: ga aikin gona, ga ruwan sama, ga sauro. Bazara kuma, daga Maris zuwa Mayu, zafinta yana wahalar da jarirai da tsofaffi. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan an gama kai amfanin gona gida, daga ƙarshen Nuwamba zuwa Disamba, sa'ad da rumbu ya cika, aljihu ya ɗan yi nauyi, makarantu kuma suka ba da hutu.

Wasu gidajen za su fi son hutun Sallah, domin a lokacin ne 'yan'uwa da ke Kano da Zariya da Kaduna suke dawowa gida. Matsalar ita ce shekarar Musulunci tana gaza ta bature da kimanin kwana 11, saboda haka Sallah tana zagaya yanayi, wata shekarar ta faɗo tsakiyar damina. Gidan da ya ɗaure fitarsa da kaka ya huta da wannan lissafi. In an samu, a zaɓi dararen 13 zuwa 15 ga wata, lokacin farin wata, don a rage dogaro da cocila.

Rabon aiki da kuɗi

Idan mutum ɗaya ne yake ɗauke da komai, ran da ya gaji ko ya rasu, shi ke nan. Don haka ake raba aiki tun da wuri. Maigida yana da neman izini da tsayar da rana. Uwargida da sauran matan gida su tsara abinci. Samari su yi sharar wuri da kafa rumfuna da ɗebo ruwa da itace. Yara ma a ba su nasu, ko da kula da butoci ne ko naɗe tabarmi.

Batun kuɗi ba ya buƙatar sabuwar dabara. Adashi da asusu sun isa: kowane magidanci ya riƙa zuba abin da aka amince a kai duk ranar kasuwa, wanda ba shi da kuɗi ya kawo tiyar gero ko kaza. Ba sai an sayi tanti ba. Tamfol da zana da 'yan sanduna suna yin rumfa mai kyau. A yi ta mata dabam, a kewaye ta da zana, a tanadi makewayi a can gefe nesa da rijiya, a share wurin salla a tsayar da alƙibla tun da rana.

Guzurin Bahaushe dama na matafiya ne, ba ya saurin lalacewa: fura, ƙuli-ƙuli, dakuwa, kilishi, garin kwaki, mazarƙwaila. Abincin dare kaɗai ake dafawa a wurin, a kan murhun duwatsu uku, kamar dafa-duka ko dambu. In an je bakin dam, a sayo kifi a hannun masunta a gasa.

Daren sansani

Bayan sallar isha'i ne ake cin ribar tafiyar. A zagaye wuta, a ajiye wayoyi a jaka. Kaka ta buɗe tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, a biyo da kacici-kacici. 'Yan mata su yi gaɗa, yara maza su yi langa a farin wata, manya su haƙa gurabun dara.

Sai a ba dattijon gida fili. Ya faɗi inda kakanni suka taso, wanda ya fara sare wannan gona, shekarar da aka yi fari da yadda aka tsira, da dangantakar gidan da gidajen maƙwabta. Ya nuna wa yara Kaza da 'Ya'yanta a sama, ya ce wanda ya tashi da asuba yana iya ganin Gamzaki. Da safe a zaga da su a koya musu bambanta kanya da kaɗanya, da ganyen da ake miya da wanda ba a taɓawa. Irin wannan ilmi ba ya cikin manhajar makaranta, kuma yana tafiya ne tare da masu shi.

Abubuwan kiyayewa

Ruwa shi ne haɗari na farko. Kada a bar yaro ya shiga dam, ko da ya iya iyo, kuma kada a cika kwalekwale fiye da kima. Ruwan da ba ya gudu yana ɗauke da tsargiya, cutar da take yaɗuwa ta hanyar ƙananan dodon-koɗi, take sa fitsarin jini. Ruwan sha a zo da shi daga gida ko a tafasa. In gudawa ta kama wani, a haɗa ruwan gishiri da sukari: ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta.

Kowa ya kwana cikin gidan sauro, a kuma karkaɗe takalma da safe saboda kunama. Wanda maciji ya sara, ba a tsaga wurin, ba a tsotsa, ba a ɗaure shi tamau. A hana shi yawan motsi, a garzaya da shi asibitin Ƙaraye ko na Rogo. Shi ya sa dole mota ko babur ya kwana a wurin da mai a ciki.

Sanyin hunturu yana sa a yi sha'awar shigar da kaskon garwashi cikin rumfa. Hayaƙin gawayi a rufaffen wuri yana kisa cikin barci ba tare da an ji warinsa ba. Bargo da rigar sanyi su ne maganin ɗari. Wuta kuma a kashe ta da ruwa ko ƙasa kafin a kwanta, domin tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye karan gonar maƙwabci.

Yadda take ɗorewa

Abu uku ne suke riƙe wannan al'ada: lokaci tsayayye da kowa ya sani, wuri na kusa da ba ya cin kuɗi, da shigar da matasa cikin shiri. Yana da kyau a ajiye littafi guda a riƙa rubuta shekara da sunayen waɗanda suka halarta da labaran da dattawa suka bayar, ko a naɗi muryarsu a waya. Kowace shekara a damƙa jagoranci ga wani ɗaki na gidan, a tashi a bar wurin tsaf ba leda ko ɗaya, a kuma tsayar da ranar baɗi kafin a watse.

Magidantan Tudun Kaya da maƙwabtansu suna da gona, suna da tabarma, suna da dattawa masu labari. Abin da ya rage shi ne a zauna bayan girbin bana a sa rana, a fara da kwana ɗaya.