Noma da Tattalin Arzikin Dogon Daji

Dogon Daji gari ne a ƙaramar hukumar Tambuwal, a kudancin jihar Sakkwato, Najeriya. Noma da kiwo su ne ginshiƙin tattalin arzikin garin da na maƙwabtansa na ƙaramar hukumar Kebbe. Haka lamarin yake a yawancin ƙasashe masu tasowa. A Najeriya, noma na samar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na arzikin ƙasa a kowace shekara.

Amfanin gona

Damina takan kankama a watan Yuni, ta ɗauke wajen ƙarshen Satumba. A tudu ana noma gero, dawa, wake da gyaɗa. A fadama ana shuka shinkafa, da rani kuma albasa da kayan miya. Yawancin gonakin ƙanana ne, na iyali, ana aikinsu da fartanya da garmar shanu.

Gudunmawa ga tattalin arziki

Abin da ya ragu bayan an cika rumbu shi ke zuwa kasuwa. Daga buhu guda dillali, ɗan dako, direba da mai injin niƙa duk suna samun na abinci, mata kuma suna sarrafa gyaɗa zuwa mai da ƙuli-ƙuli. Rahoton Bankin Duniya na 2008 ya nuna cewa bunƙasar da ta fito daga noma tana rage talauci aƙalla ninki biyu fiye da ta sauran fannoni.

Tarihi da manufofin gwamnati

Kafin ƙarfin man fetur, gyaɗa da auduga na arewa suna cikin manyan kayan da Najeriya ke fitarwa waje. Fari da cutar gyaɗa na shekarun 1970 sun durƙusar da wannan ciniki. Gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa a 1976, ta Shehu Shagari ta kawo shirin juyin noma a 1980. A 2015 aka buɗe shirin bashin manoman shinkafa na Babban Bankin Najeriya a Birnin Kebbi.

Ƙalubale

Dogaro da ruwan sama na sa matasa da yawa tafiya cin rani bayan kaka. Tsadar taki da ƙarancin wurin ajiya kan tilasta wa manomi sayar da hatsi da kaka, lokacin da ya fi araha, sannan ya sake saye da tsada da bazara. Matsalar tsaro ma ta hana wasu manoma zuwa gonakin nesa.