Unguwa ɗaya, yara daban-daban

A Zangon Damagaram, ko Bagalam ta Maraɗi, ko Bukoki ta Yamai, mukan ga gida biyu katanga ɗaya. Fanfonsu ɗaya, jibjinsu ɗaya, kwatar ƙofarsu ɗaya. Amma yaron wannan gida yana girma lafiya lau, na wancan kuwa kullum yana kwance. Mine ne dalili?

Mutane sukan ce laifin unguwa ne. Akwai gaskiya a ciki, amma ba duka ba. Abin da ke cikin unguwa, mai kyau da marar kyau, sai ya biyo ta hannun iyaye kafin ya kai ga yaro.

Mu ɗauki damina. Ruwa ya kwanta a hanya, sauro ya yi ƙwai, cikin kamar kwana 10 sabon sauro ya tashi. Sauron ba ya zaɓen gida. Sai dai a gida guda yara suna kwana cikin sange, a ɗayan kuwa sangen yana naɗe cikin akwati, ko an rufe kaji da shi. Haka ma likita. Tun 2006 gwamnatin Nijar ta ɗauke kuɗin ganin likita ga yara ƴan ƙasa da shekara 5. Gaskiya wani lokaci magani yakan yanke, sai an saya. Duk da haka uwar da ta riƙe takardar awo, ta kai jariri allurar ƙyanda yana wata 9, ta ci moriyar likitar unguwa. Wadda maigida ya hana ta fita, likitar ba ta amfane ta da komi ba, ko da tana ganin ƙofarta daga gida.

In yaro ya tasa, sai maganar abokai. Fada, inda samari ke shan shayi, ba aibi ba ce. Aibin shi ne uba bai san da wa ɗansa ke zama ba, bai taɓa zuwa lakkol ya gaida malaminsa ba. Mu da muka koyi karatu da girma, yanzu muna iya buɗe littafin yaro da dare mu ga abin da ya rubuta.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin gida guda. Uwa mai sana'a da ke ɗora wa ɗiyarta talla sau da yawa talauci ne ya sa ta, faɗa ba zai sauke farantin ba. Kwata ma ba ta gyaruwa da tsintsiya ɗaya. Wannan sai maƙwabta sun taru wurin mai unguwa, su sa ranar gayya kafin ruwan farko ya sauka.