Yauƙin miya da taɓon gina rijiya

Babu macen da za ka tambaya a Cadakori ta kāsa gaya maka cewa ƴar kanwa tana ƙara wa miyar guro yauƙi, lemun tsami kuwa yana tsinke ta. Uwaye sun koya wa ɗiyansu wannan tun kaka da kakanni. To, masu gina rijiyar foraji su ma da wannan ƙa'ida suke aiki, kuma in suka yi sakaci da ita, gari guda yana iya rasa ruwan sha.

Asalin maganar wani abu ne da masana ke kira selulos. Shi ne ƙashin jikin tsiro. Yana cikin karan hatsi, da kabar da ake saƙa tabarma da ita a ƙasar Gazawa da Agye, da auduga, wadda wajen kashi 90 cikin 100 nata selulos ne. Wani Bafaranshe, Anselme Payen, shi ya fara ware shi a 1838. A 1920 wani Bajamushe, Hermann Staudinger, ya ce irin waɗannan abubuwa dogayen sarƙoƙi ne, kamar tasbaha mai ƙwayoyi dubbai. Malamai da yawa sun musa masa, amma daga baya gaskiyarsa ta fito, har ya sami kyautar Nobel a 1953.

A cikin auduga, sarƙoƙin suna kwance gefe da gefe, sun riƙe juna gam kamar igiyar da aka tufka, ruwa ba ya samun ƙofar shiga tsakaninsu. Da ba haka ba, da riga ta narke ranar wanki. Amma a masana'anta akan jiƙa selulos cikin soda da wani sinadari, a liƙa wa sarƙar ƙananan rassa masu ɗauke da lantarki iri ɗaya. Abin da ake samu farin gari ne mai narkewa, sunansa a taƙaice CMC. Yana cikin man goge haƙora da garin sabulu, a kan kwalin abinci kuma akan rubuta shi E466.

Ga yadda abin yake cikin ruwa. Rassan nan, tun da lantarkinsu iri ɗaya ne, ture juna suke yi. Saboda haka sarƙar takan miƙe, ta ci fili, ta sarƙe da ƴan uwanta, ruwan ya yi kauri. Giram 10 na mai ƙarfinsa ya isa ya mai da lita guda kamar zuma. In aka zuba gishiri, ƙwayoyinsa sukan shiga tsakanin rassan su rufe lantarkin, turewa ta ragu, sarƙar ta naɗe kamar gammo, kaurin ya faɗi. Tsami ma haka yake yi, don shi kashe lantarkin yake yi ɗungum. A lura da kyau: sarƙar ba ta tsinke ba, kwanciyarta ce kawai ta sāke.

Yauƙin guro ba selulos ba ne, danginsa ne da ake kira pektin, amma yana da irin waɗannan rassa. Kanwa tana tā da lantarkinsu, tsami yana kwantar da shi. Sai dai in kanwa ta yi yawa kuma aka daɗe ana tafasawa, nan kam sarƙar kanta ce ke yankewa, wannan kuwa ba ya gyaruwa.

Yanzu mu koma bakin rijiya. Ƙasar Gidan Rumji, da kwarin Gulbin Maraɗi da na Gulbin Kaba, rairayi ne ya yi musu yawa, rami kuwa cikin rairayi ba ya tsayawa da kansa. Don haka masu foraji sukan dama wani yumɓu na musamman da ruwa, sau da yawa su ƙara garin CMC, su tura taɓon cikin bututu har ƙasan rami. In yana dawowa sama sai ya ɗauko rairayin da aka haƙa, ya kuma yaɓe bangon rami don kada ya zube. Lokacin da inji ke tura shi da ƙarfi, sarƙoƙin sukan jeru bisa hanyar gudu, taɓon ya yi sauƙin tafiya; da gudun ya lafa sai su sāke sarƙewa.

Matsalar tana wurin ruwan damawa. In ruwan zartsi aka ɗebo, sarƙoƙin sukan naɗe, taɓon ya tsinke kamar miyar da aka matsa wa lemu, bango ya rufta, wani lokaci har bututu ya maƙale a bar shi a ƙasa. Kuɗin da mutanen gari suka tara ƙaro-ƙaro ke nan sun bi rairayi. Shi ya sa magini na ƙwarai yakan gwada ruwan tun da farko, kuma yakan auna taɓon da wani mazurari, yana duban agogo: tsabar ruwa takan wuce cikin daƙiƙa 26, taɓo mai kyau yakan fi haka jimawa.

A ganinmu, ba laifi ba ne maigari ko ɗan kwamitin ruwa ya tambayi magini inda ya ɗebo ruwan damawa, ya kuma ce a nuna masa mazurarin. Haka nan in an gama haƙa, ya tsaya a wanke rijiyar da iska har ruwa ya fito garau, domin taɓon da ya hana bango zubewa, in aka bar shi, shi ne zai toshe idon ruwa.