Linux da matsalar kile USB: a san ciwo kafin a nemi magani

A ma'aikatun gwamnati da shagunan ƴan kasuwa, daga Yamai har Damagaram, akwai wani ɗan abu da bai kai tsawon yatsa ba amma yake ɗauke da amanar mutane da dama. Shi ne kile USB. A cikinsa ake ajiye jerin sunayen ma'aikata, da lissafin kayan shago, da takardun duwan, da rahoton ƙarshen wata. Ranar da aka soka shi a kwamfuta ta ƙi nuna komai, hankalin mai shi yakan tashi, kuma sau da yawa shawarar farko da za a ba shi ita ce ya goge kilen gaba ɗaya ya sake tsara shi. Ta haka aikin watanni yake salwanta cikin minti ɗaya, alhali wataƙila laifin na wata ƴar waya ne kurum.

Wannan batu ya ƙara muhimmanci tun ranar 14 ga Oktoba 2025, da kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba bai wa Windows 10. Windows 11 kuwa yana buƙatar wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0, wanda tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su da shi. Mai irin wannan kwamfuta, in ba ya son ya yar da ita, yana iya ɗora mata Linux, wato babbar manhaja mai ƴanci da Linus Torvalds ya fara rubuta zuciyarta a 1991 yana ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finlan. Ana samun Linux kyauta da sunaye iri iri, kamar Ubuntu da Debian da Linux Mint, kuma a kan zuciyarsa aka gina Android da ke cikin wayoyin jama'a.

Sai dai baƙo a Linux yakan ɗora masa laifi da zarar wata na'ura ta ƙi aiki. Gaskiyar magana ita ce, kafin kile ko na'urar buga takarda su yi aiki, sai sun ƙetare matakai huɗu: su sami wuta, su gabatar da kansu, a samo musu direba, sannan a iya karanta abin da ke cikinsu. Linux yana rubuta abin da ya faru a kowane mataki. Wanda ya bi matakan ɗaya bayan ɗaya yakan gano inda matsalar take ba tare da ya kashe ko dala ba.

Wuta da waya

An fito da ƙa'idar USB ta farko a 1996. USB 2.0 ta biyo baya a shekarar 2000, sai USB 3.0 a 2008, wadda ake yawan gane kafarta da launin shuɗi. Dukansu suna ba da wuta mai ƙarfin bolt 5, amma yawanta ya bambanta: kafar USB 2.0 tana ba da miliyamfa 500, ta USB 3.0 kuwa 900. Kile ba ya cin wuta sosai. Faifan ajiya na waje mai juyawa shi ne mai ci, musamman lokacin da yake tashi. In aka ji yana ƴar ƙara yana tsayawa, ko yana bayyana yana ɓacewa, to a fara zargin ƙarancin wuta. A cire shi daga na'urar nan mai raba kafa ɗaya gida huɗu, a soka shi kai tsaye. A kwamfutar tebur, kafofin baya sun fi na gaba aminci, domin su a jikin babban allon kwamfutar suke, na gaba kuwa wata siririyar waya ce take haɗa su da shi.

Ita ma waya abar dubawa ce. Cikakkiyar wayar USB 2.0 tana da zare huɗu a cikinta, biyu na wuta, biyu na saƙo. Akwai wayoyin caji masu araha da aka yi su da zaren wuta kaɗai. Da irinsu salula za ta yi caji lafiya lau, amma kwamfuta ba za ta taɓa ganin ta ba. Ko da wayar cikakkiya ce, salular Android ba ta buɗe ma'ajiyarta sai an buɗe allonta an zaɓi aika fayil a maimakon caji kaɗai. Daɗin daɗawa, ƙurar hunturu takan taru a cikin kafa ta hana ƙarfe taɓa ƙarfe. Don haka gwajin farko bai wuce uku ba: a canza kafa, a canza waya, a gwada na'urar a wata kwamfuta.

Rajistar mai gadi

Kamar yadda mai gadin ma'aikata yake rubuta sunan duk wanda ya shigo, haka zuciyar Linux take rubuta duk na'urar da aka soka. Ana karanta wannan rajista ta tagar rubuta umarni, wadda ake kira taminal. A rubuta sudo dmesg -w, a ba da kalmar sirri, sannan a soka kilen ana kallon allo. In babu sabon layi ko ɗaya da ya fito, kwamfuta ba ta ji shigowarsa ba sam, ke nan a koma ga kafa da waya, ko kuma na'urar ta mutu. In layuka suka fito ɗauke da lambar kuskure, kowace lamba da ma'anarta. Lamba -71 tana nuna saƙon da ke tsakanin kwamfuta da na'ura ya gurɓace, abin da lalatacciyar waya ko kafa mai sako-sako suka saba jawowa. Lamba -110 tana nufin kwamfuta ta yi kira ta jira ba a amsa ba, kuma sau da yawa ƙarancin wuta ne sanadi.

Umarni na biyu shi ne lsusb. Yana jera duk na'urorin da suka gabatar da kansu, kowace da lambar shaidarta mai kashi biyu: na farko na kamfanin da ya ƙera ta, na biyu na samfurin. Alal misali, 0781 ta SanDisk ce, 0951 ta Kingston, 04a9 ta Canon, 03f0 ta HP, 12d1 kuma ta Huawei. Wannan lamba ta fi sunan da ke jikin kwali amfani, domin kwali yana iya yin ƙarya, kuma samfuri biyu masu suna ɗaya suna iya zuwa da kayan ciki daban. Duk mai neman taimako, a wurin mai gyara ko a intanet, ya fara kwafe wannan lamba.

Akwai kuma wata ɗabi'a ta tsimin batir: Linux yakan sa na'urar da ba a amfani da ita barci, wasu na'urorin kuwa ba sa farkawa daidai. In linzamin kwamfuta ko modem suna yankewa bayan an ɗan bar su, ana iya hana wannan barci ta hanyar ƙara usbcore.autosuspend=-1 a cikin umarnin tayar da kwamfuta.

Direba, tafintan na'ura

Direba wata ƙaramar manhaja ce da take tafinta tsakanin kwamfuta da na'ura. A Linux, galibin direbobi suna zuwa ne a cikin zuciyar manhajar, shi ya sa kile da allon rubutu da linzami suke kama aiki nan take. Hasali ma Linux ne ya riga sauran manyan manhajoji karɓar USB 3.0, a cikin fitowarsa mai lamba 2.6.31 ta shekarar 2009. Matsala takan taso ne inda kamfani ya ɓoye sirrin na'urarsa, ko inda na'urar ta fi manhajar sabunta.

Kilen intanet na 3G misali ne mai kyau. Da yawa daga cikinsu, idan aka soka su, sukan fara bayyana a matsayin faifan CD mai ɗauke da manhajar Windows, sai an aika musu wani saƙo na musamman su rikiɗa su zama modem. A Linux, manhajar usb_modeswitch ce take wannan aiki. Wanda ya ga lsusb ya nuna 12d1:1446, ya san modem ɗinsa na Huawei bai rikiɗa ba tukuna, kuma wannan manhaja ce maganinsa.

Ƙananan na'urorin Wi-Fi kuwa, irin masu guntun Realtek da lambarsu take farawa da 0bda, wasu sai da sabuwar fitowar Linux suke aiki, wasu kuma suna neman wata manhajar ciki da kamfani ne kaɗai yake da ita. In ita ce ta rasa, dmesg yakan ambaci sunan fayil ɗin da ya nema bai samu ba. Debian ta daɗe tana ware irin waɗannan fayiloli daga faifanta na hukuma, amma daga Debian 12 da ta fito a watan Yuni 2023 ta sa su a ciki.

Na'urorin buga takarda su ma iri biyu ne. Sababbi da yawa suna bin ƙa'idar IPP Everywhere, ba sa buƙatar direba na musamman. Na HP suna da manhajar HPLIP. Amma tsofaffi irin Canon LBP2900 suna amfani da wani tsari na kamfanin mai suna CAPT, wanda sai an ɗora direbansa daban. Ma'aikatar da za ta sayi na'ura, gara ta duba sunanta a rumbun OpenPrinting tun kafin ta biya kuɗi.

An gan shi, amma ya ƙi buɗewa

A nan ne aka fi yin asara. In lsusb ya ga kilen, a rubuta lsblk don a ga ko ya fito cikin jerin ma'ajiyoyi da girmansa. In ya fito, saura tsarin ajiya. FAT32 kowace kwamfuta tana karanta shi, sai dai ba ya karɓar fayil ɗaya da ya kai giga 4. Tsarin exFAT ba shi da wannan iyaka, amma sai a 2019 Microsoft ya bayyana ƙa'idarsa, Linux kuma ya shigar da shi a fitowa ta 5.4, don haka Linux da ya girmi wannan yana buƙatar ƙarin manhaja. Faifai mai tsarin NTFS kuwa, in an kashe Windows yana jone, ko an fizge shi ana cikin aiki, Linux yakan ƙi yin rubutu a kansa don gudun ɓarna. Maganin shi ne a mayar da shi Windows, a duba shi da chkdsk, a cire shi bisa ƙa'ida.

Cirewa bisa ƙa'ida ba wasa ba ne. Linux yakan riƙe wani ɓangare na abin da ake kwafewa a ƙwaƙwalwarsa, ya ƙarasa rubuta shi daga baya. Allo yana iya nuna an gama alhali da saura. Fizge kile a wannan lokaci, ko ɗaukewar wuta, su ne suke lalata tsarin ajiya.

In ɓarnar ta riga ta auku, doka ɗaya ce: kada a sake rubuta komai a kan kilen, kada a goge shi. A fara ɗaukar hotonsa gaba ɗaya da manhajar ddrescue, a yi aikin ceto a kan kwafin. TestDisk da PhotoRec, waɗanda Bafaranshe Christophe Grenier ya rubuta, suna dawo da ɓangaren faifai da ya ɓace da kuma fayilolin da ba a riga an rubuta wani abu a kansu ba. Dukansu kyauta ne.

Jabun kaya

Akwai kilen da tun daga masana'anta aka yi shi da ha'inci. Ana gyara ƙwaƙwalwarsa ya riƙa cewa yana da giga 64 ko fiye, alhali abin da ke ciki kaɗan ne. Da farko yana aiki daidai. Da ya cika ainihin girmansa, sai sababbin fayiloli su riƙa ɓacewa ko su hau kan tsofaffi, sunayensu na nan amma ba sa buɗewa. Babu manhajar da za ta dawo da abin da ba a taɓa ajiyewa ba. Manhajar f3 tana tona wannan asiri: f3write ya cika kilen da fayilolin gwaji, f3read ya karanta su ya faɗi nawa ne suka tsira. Ɗan kasuwar da yake sarin kile, in ya gwada ɗaya daga cikin kwali kafin ya biya, ya tsare jarinsa da mutuncinsa a idon masu saye. Araha dai ba ta ado.

In laifin na kwamfutar ne

Wani lokaci kile lafiyarsa ƙalau, kwamfutar ce take ciwo. Hanya mafi sauƙi ta rarrabewa ita ce a tayar da ita daga wani kile mai ɗauke da Linux, ba tare da an ɗora shi ba. In komai ya yi aiki, matsalar tana cikin manhajar da aka ɗora. In ta ci gaba, ƙarfe ne. Memtest86+ yana gwada ƙwaƙwalwar aiki, smartctl yana karanta rahoton lafiyar faifai, umarnin sensors kuma yana nuna zafin ciki. A watannin Afrilu da Mayu, da zafi yake wuce digiri 40 a sassan Nijar da dama, kwamfutar da ƙura ta toshe fankarta takan rage gudu ko ta mutu da kanta. Share ƙura da ajiye ta inda iska take ratsawa sun fi sayen sabuwa sauƙi.

Abin da ya rage shi ne a mayar da wannan bincike al'ada. Ma'aikacin da ya je wurin mai gyara da lambar lsusb da layukan dmesg a rubuce, ba za a sayar masa da kayan da ba ya buƙata ba. Shugabannin ma'aikatu kuwa ya kamata su tabbata kowane buro yana da wayar USB mai kyau ta gwaji, da kile ɗaya mai ɗauke da Linux, da kuma dokar ajiye kowace muhimmiyar takarda a wuri biyu daban. Kile yana da iyakar yawan rubutun da zai ɗauka, kuma ranar da zai daina aiki ba ya yin sallama.