Yadda ake rage raɗaɗin allurar barci kafin tiyata

Da yawa daga cikin waɗanda aka yi wa tiyata kan ce abu na ƙarshe da suke tunawa kafin barci ya ɗauke su shi ne wani raɗaɗi mai kama da ƙuna da ya bi jijiyar hannunsu.

Sau da yawa maganin da ke jawo wannan raɗaɗi shi ne Propofol, wani farin ruwa mai kama da madara da ake ɗurawa ta jijiya, wanda kan sa mutum barci cikin ƙasa da minti ɗaya.

Wani masani mai suna John Glen ne ya jagoranci samar da shi a kamfanin ICI na Birtaniya, aka fara amfani da shi a can a 1986. Yanzu yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya.

Me ke jawo raɗaɗin?

Maganin yana fusata bangon jijiyar jini ne. Raɗaɗin ya fi tsanani idan aka yi allurar a ƙananan jijiyoyin bayan hannu, inda jini ba ya da yawan da zai surka maganin da sauri.

Wani nazari da mujallar likitoci ta BMJ ta wallafa a 2011, wanda ya haɗa gwaje-gwaje 177 a kan mutane fiye da 25,000, ya gano cewa kusan mutum 6 cikin 10 na jin raɗaɗin idan ba a ɗauki wani mataki ba.

Hanyoyin magance shi

Nazarin ya nuna cewa hanya mafi inganci ita ce a yi allurar a babbar jijiyar da ke lanƙwasar gwiwar hannu.

Hanya ta biyu ita ce a ɗaure damtse da roba, a ɗura maganin kashe zafi na Lidocaine, a jira kamar minti ɗaya, sannan a kwance a ɗura Propofol. Wasu kuma kan gauraya magungunan biyu a sirinji ɗaya.

Lidocaine ba sabon abu ba ne, domin tun 1943 aka haɗa shi a ƙasar Suwidin, kuma shi ne ake yawan amfani da shi wajen ɗinkin rauni da cire haƙori. Yana da araha, ba ya kuma buƙatar wata na'ura ta musamman.

Abin da majinyaci zai yi

Ba kowace tiyata ake yi da Propofol ba. Akwai Ketamine, akwai kuma allurar gadon baya da aka fi yi wa mata masu haihuwa ta hanyar tiyata.

Don haka mutumin Roni, Gwiwa ko Ɓaɓura da za a yi wa aiki a Babban Asibitin Kazaure, ko wanda aka tura Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, yana da damar ya tambayi mai sa barci irin maganin da za a ba shi.

Ya kamata kuma ya faɗi ko ya taɓa jin wannan raɗaɗi, ko wani magani ya taɓa yi masa illa.

Raɗaɗin ba alama ba ce ta kuskuren ma'aikaci, kuma ba ya daɗewa. Bai kamata tsoronsa ya sa a jinkirta tiyatar da za ta ceci rai ba.