Idan Sikeli Ya Cije Bayan Tiyatar Rage Tumbi

A ƙasar Jega da Aliero da Maiyama, har zuwa ƙauyuka irin su Jiga Makera, an daɗe ana kallon ƙiba a matsayin shaidar hutu da wadata. Amarya ta yi ƙiba, a ce miji ya iya kiwo. Har ƙwayoyin nan da ake wa laƙabi da "sha ka fashe" suna da masu saye. Sai da ciwon suga da hawan jini da ciwon gwiwa suka yawaita a gidaje, sannan magana ta fara sauyawa. Yanzu akwai masu hali da ke tafiya Legas ko Abuja, ko su ƙetara Masar da Indiya, a yi musu tiyatar rage tumbi. Suna dawowa jiki na zubewa kamar da wasa, dangi na ta barka. Can sai wata rana sikeli ya cije, mako uku, mako shida, ba ya motsi, mutum ya shiga zargin cewa kuɗinsa da wahalarsa sun tafi a banza.

Ta fuskar halasci, Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na 18 a Putrajaya ta ƙasar Malesiya a shekarar 2007, ta yarda da rage nauyi ta hanyoyin likitanci, har da tiyata, idan ƙibar ta zama cuta, babu wata mafita, kuma an amince daga cutarwa. Wannan sharaɗi na ƙarshe bai ƙare a ɗakin tiyata ba. Yana bin mutum har gida, domin abin da zai yi wa jikinsa a lokacin da nauyi ya tsaya yana iya zama cutarwar da shari'a ta hana.

A nau'in tiyatar da aka fi yi, ana cire kusan kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na tumbi, a bar shi siriri kamar ayaba. A ɗaya nau'in ana ware 'yar jaka da ba ta wuce girman ƙwai ba, a haɗa ta da hanji. Nauyi ya fi saurin sauka a watanni shida na farko, ya ci gaba a hankali har wata 12 zuwa 18, inda galibi yakan daidaita bayan an rasa wajen kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari na nauyin farko. Tsayawar da kan zo a mako na uku ba abin tsoro ba ce: a kwanakin farko ruwa ne jiki ya fi zubarwa, yanzu kuma yana mayar da shi, alhali kitse na ci gaba da narkewa. Wanda ya auna ƙugunsa da tef ɗin tela zai ga haka. Tsayawar da ke zuwa daga baya kuwa dalilinta daban. Ƙaramin jiki ba ya ƙona abinci kamar babba, tsoka ta ragu tare da kitse, yunwa ta fara dawowa, ga shi Allah Ya halicci jiki da ɗabi'ar tsimi idan ya ji abinci ya yi ƙaranci.

Amma babban mai laifi a gidajenmu shi ne abin sha. Tumbin da ba zai ɗauki malmalar tuwon shinkafa ba yana karɓar fura da nono da suga, da kunun zaƙi, da shayi mai kaurin madara, da zoɓo, da lemon kwalba, domin ruwa ba ya zama, wucewa yake yi. Mutum zai rantse bai ci komai ba tun safe, kuma gaskiya ya faɗa, sai dai ya sha abin da ya kai kwano biyu na tuwo. Haka tsintar gyaɗa da cincin da dabino tsakanin Azahar da La'asar. Hadisin Miƙdamu ɗan Ma'adikariba, wanda Tirmizi da Ibnu Majah suka ruwaito, ya koyar da raba ciki uku tsakanin abinci da abin sha da numfashi. Wanda aka rage wa tumbi dole ya ƙara da raba su a lokaci: kada ya haɗa ci da sha, ya bar kamar minti 30 a tsakaninsu, kuma ya riƙa kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan har ya kai lita ɗaya da rabi a yini.

Abin da ke riƙe tsoka shi ne furotin, kuma likitoci na son kada ya gaza giram 60 a rana. Ƙwai ɗaya na da kusan giram 6. Alhamdu lillahi, Kebbi ba ta rasa kifi ba, ga kaza, ga wake da alala da awara, ga kindirmo marar suga. A fara da su a kowane ci, ganye irin zogale ya biyo baya, tuwo ko masa su zo ƙarshe idan akwai sauran wuri. Tafiya masallaci a ƙasa maimakon hawa babur tana da amfani, sai dai ita kaɗai ba ta gina tsoka. Ana buƙatar ɗaga abu mai ɗan nauyi sau biyu ko uku a mako bayan likita ya ba da izini. Uwargida ko 'yar'uwar da ke cewa "ɗan ƙara loma, ka rame" ƙauna ce ta sa ta, amma ya kamata a zaunar da ita a yi mata bayani.

Sai batun azumi, inda aka fi yin kuskure. Wasu idan sikeli ya cije sai su ɗauki azumin Litinin da Alhamis, ko su jera kwanaki, da nufin karya tsayawar. Niyyar kanta ba matsala ba ce. Imam Ƙarafi, babban malamin Malikiyya, ya bayyana a littafinsa Al-Furuƙ cewa wanda ya yi azumi yana neman lafiyar jiki tare da ibada, hakan bai ɓata azuminsa ba, domin ba riya ba ce. Matsalar tana ga tumbin. Wanda ba zai iya shanye moɗa ɗaya a zama guda ba, ta yaya zai rama ƙishirwar yini tsakanin Magariba da Asuba, a ƙasar da zafin Maris da Afrilu ke haura digiri 40? Abin da ke biyo baya shi ne bushewar jiki, tsakuwar ƙoda da zubewar tsoka, wadda ita ce ma ke ƙara cijewar sikelin. Ga wanda aka yi wa nau'i na biyu, buɗa baki da kayan zaƙi da yawa na iya jawo jiri, zufa, bugun zuciya da gudawa. Shi ya sa likitocin wannan fanni ke shawartar a jinkirta azumi a watannin farko, wasu har shekara. A mazhabar Malik, marar lafiyar da ke tsoron ƙaruwar ciwo ko jinkirin warkewa an halatta masa ya sha azumin Ramalana ya rama daga baya, idan kuma ana tsoron halaka ko cuta mai tsanani, shan ya zama wajibi. Idan farilla ta samu wannan sauƙi, ina ga nafila?

Shayin rage ƙiba da jiƙe-jiƙen da ake tallatawa a kasuwa da Facebook, akasarinsu gudawa da fitsari suke sawa. Ruwa ke fita, kitse na nan.

Haɗari mafi girma ga mutanen yankinmu shi ne yankewar bibiya. Likitan da ya yi aikin yana Alƙahira, majinyaci yana Jega, kuma da zarar jiki ya yi daɗi sai a ajiye ƙwayoyin bitamin, alhali na har abada ne, musamman B12 da sinadarin ƙarfe da na ƙashi. Gwajin jini ba sai an koma waje ba. Manyan asibitocin Birnin Kebbi da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato na nan kusa. Idan nauyi ya tsaya fiye da wata biyu tun ba a cika shekara ba, ko ya fara komawa sama, a je da rubutaccen lissafin duk abin da aka ci aka sha na mako guda. Likita na iya duba ko tumbin ya buɗe, ko wani magani da ake sha ne ke ƙara nauyi, ko a taimaka da allurar semaglutide a ƙarƙashin kulawarsa. Amai da ya ƙi tsayawa kuwa, tare da kasalar ƙafafu ko ruɗewa, alama ce ta ƙarancin bitamin B1, wanda kan taɓa ƙwaƙwalwa. Wannan ba ya jiran wayewar gari.