Abincin tsuntsaye ya yi tsada

A Faransa da Ingila, lokacin sanyi dusar ƙanƙara takan rufe ƙasa. Ƙwari su ɓuya, ƴaƴan itace su ƙare, ƙananan tsuntsaye su rasa abinci. Saboda haka mutane da yawa sukan rataya ɗan akwati a itacen bayan gida, su zuba tsaba a ciki. Tsuntsayen ba na kowa ba ne: su ci, su tashi abinsu.

Tsabar nan a kanti ake sayen ta. Akwai gujiya, da wani irin gero, da ƙwayar furen rana, wadda ake matsa a sami mai. Har da wata baƙar ƙwaya da ake kira «nijar», ko da yake a Habasha da Indiya ake noma ta!

Yukren da Rasha ne suka fi kowa noman furen rana. Da yaƙi ya ɓarke tsakaninsu a shekarar 2022, jiragen ruwa suka yi wata biyar ba su fita daga manyan tashoshin Yukren ba. Ƙwaya ta yi wuya, kuɗin dako ya hau, buhu ya yi tsada. Wasu magidanta suka rage awo. Wasu kuwa suka shuka furen a bayan gida, ya nuna, suka bar wa tsuntsaye shi a tsaye.